Yadda Na Haifi Tagwaye a Gidan da Ban San Kowa Ba

Yanzu da tsufa ya zo, abubuwa da yawa da suka same ni a duniya sun fara dusashewa a raina. Amma akwai guda ɗaya da ko kusa ba zan manta da shi ba, wato ranar da naƙudar fari ta kama ni a kan hanya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, na haihu a hannun matar da ban taɓa gani ba. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tsalle kamar ta yarinya.

Abin ya faru tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. Ni 'yar Unguwar Ya ce ta ƙasar Birnin Kudu, aure ne ya kai ni Gwaram. A al'adarmu mai cikin fari ba ta haihuwa a ɗakin miji. In ciki ya yi kamar wata bakwai sai a mai da ita gaban iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi jego a hannun uwarta. To ni tafiyata ta yi ta ja da baya, don a wancan zamani mutum biyu ko uku ba sa bin hanya su kaɗai, saboda maharan da ke saukowa daga duwatsun Ningi. Dole a jira ayari. Muka yi ta jira, ayarin bai tashi ba sai da damina ta yi tsakiya, marka ta kankama. A lokacin cikina ya yi girman da ba na ganin yatsun ƙafata. Matan gidanmu suna ta tsokanata wai ƙato zan haifa, ba wadda ta kawo wani abu daban a ranta.

Mu uku muka bi ayarin: ni, da maigidana, da gwaggonsa, wadda ita aka wakilta ta miƙa ni ga iyayena. Ni ma Gwaggo nake ce mata. Mace ce mai kirki, sai dai akwai ta da faɗa, kuma ba ta wasa da zancen kunya. Aka ɗora ni a kan jaki, in na gaji da jijjiga in sauka in taka. Duk da nauyin jiki, murna nake yi. Gero ya fitar da kai dama da hagu, ƙasa sai ƙamshi take, ni kuma ina ta lissafa a zuci abin da zan fara ci in na shiga ɗakin mahaifiyata.

Da muka shiga ƙasar Sundimina sai muka tarar da rafi ya cika ya batse. Ruwan ja wur, yana tafe da rassan itace. Masu fito suka ce ba wanda zai haye sai ya janye, don haka madugu ya sa aka yi zango a kan tudu, muka kwana a nan.

Da safe na tashi da ciwon baya. Na ɗauka jijjigar jaki ce. Kafin hantsi ciwon ya sauko mara, yana zuwa yana tafiya. Ban gaya wa kowa ba. Ta yaya zan buɗe baki a tsakiyar fatake in ce ina jin wani abu? Na koma bayan wata tsamiya na zauna, in ciwon ya taso in kama saiwarta in riƙe, in ya lafa in saki.

A haka wata tsohuwa ta same ni. Doguwa ce siririya, da ƙwaryar nono a kanta, ta kawo wa mutanen ayari. Ta riga ta wuce ni, sai ta dawo da baya. Ta tsaya ta dubi hannuna a kan saiwar nan, ta dubi gumin da ke goshina, ta sauke ƙwaryarta. Ba ta tambaye ni sunana ba. Ta durƙusa ta dafa bayana, daidai wurin da ke ciwon kamar na nuna mata, ta danna da tafin hannu. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ta tambaye ni da wa nake tafe, na nuna mata Gwaggo da ido.

Da Gwaggo ta ji bayani sai ta ce atafau lokaci bai yi ba, da sauran wata guda. Tsohuwar ba ta yi musu da ita ba, ta ce dai a taimaka mini in miƙe. Ina miƙewa faya ta fashe, ruwa ya jiƙa mini zane har ƙafa. Gwaggo ta yi salati ta riƙe kai, ta rasa inda za ta sa kanta. Tsohuwar ta kwance mayafinta ta rufa mini, ta ce, “Gidana yana bayan gonar can. Ni ke karɓar haihuwa a wannan yanki. Ku kawo ta, 'yata ce daga yau.”

Mutanen gidan Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, Hausa a bakinsu kamar mu. Kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Muka ratsa gonar gero, ni a tsakiya, Inna da Gwaggo suna riƙe da ni. Duk lokacin da ciwo ya taso Inna ta tsaya cak, ta sa in rataya a wuyanta, ta ce in hura iska a hankali kamar mai hura kunu. In ya wuce mu ci gaba. Maigidana yana biye da mu da jaki, fuskarsa ta yi fari fat. Da muka isa ƙofar gida Inna ta ce masa aikinsa ya ƙare a nan, in yana son ya yi abu mai amfani ya san yadda zai kai wa uwata labari. Daga baya na ji cewa masu fito sun hana shi, ya ƙi hanuwa. Ya nemi ƙaton gora ya rungume, ya ɗaure rigarsa a ka, ya faɗa ruwan nan. Sai can nesa ruwa ya kai shi gaci, ya fita ya kama hanyar Unguwar Ya da gudu.

A ɗakin Inna aka shimfiɗa tabarma, aka zuba toka a gefe, aka ɗora ruwa a wuta. Babban ɗanta, wanda shi ne mai gidan, ya yi rubutu aka kawo mini na sha. Gwaggo tana tsaye a kaina tana maimaita cewa kar in kuskura in yi kuka, kar in ba dangin mijina kunya a gidan mutane. Na cije leɓe har ya fashe. Inna ta lura. Sai ta ce wa Gwaggo ruwan zafi yana son babba a kansa, yaran gidan ba su iya wuta ba, ko za ta taimaka. Gwaggo ta fita da sauri, ina jin ita ma ta sami sauƙi da aka ba ta abin yi.

Tana fita Inna ta zauna a bayana, ta sa ni tsakanin gwiwoyinta, ta kawo bakinta kusa da kunnena. Ta ce in nishi ya zo in yi abina, ba mai ji sai ita, ita kuwa kunnenta ya daɗe da sabawa. Daga nan ta shiga tambayata labarin gidanmu. Wace bishiya ce a ƙofar gida, wa ya koya mini kaɗi, wace miya uwata ta fi iyawa. Ina ba ta amsa ina nishi, wani lokaci har da dariya. Yanzu na gane ba labarin take so ba, so take kar tsoro ya sami wurin zama a zuciyata. Ta shafa mini man shanu a baya, ta ba ni ruwa a ludayi, ta goge mini fuska. Ko sau ɗaya ba ta tashi daga wurin ba.

Rana na gab da tsakiya ta ce in durƙusa in kama turmin da ta kifa a gabana. Na yi yunƙurin da ban san ina da ƙarfinsa ba. Sai kawai na ji kuka, kuka mai ƙarfi kamar na wanda aka yi wa laifi. Namiji ne. Gwaggo ta faɗo ɗakin tana rangaɗa guɗa, matan gidan suka amsa daga tsakar gida. Ni kuwa na kife a kan turmin ina cewa na gama, Alhamdu lillahi na gama.

Inna ta yanke cibi da ɓawon kara mai kaifi, ta miƙa wa Gwaggo yaron. Sannan ta dafa cikina. Ta daɗe hannunta yana wurin. Ta ɗago ta dube ni, idonta yana ƙyalli, tana murmushi.

“'Yata, ba ki gama ba. Akwai wani a ciki.”

Ban san lokacin da na fashe da dariya da kuka a haɗe ba. Tagwaye, ni! Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa da jariri a hannu, tana ta jero salati. Labari ya fita tsakar gida, ina jin mata suna ta kai da kawowa, wata tana cewa a ƙara ruwa a wuta, wata tana kiran maƙwabta.

Amma na biyun ya ƙi zuwa. Ciwon ya ɗauke ɗif kamar ba a taɓa yi ba. Azahar ta yi ta wuce, inuwa ta fara tsawo, shiru. Ƙarfina ya ƙare, idona yana rufewa da kansa. Hayaniyar tsakar gida ta mutu, na kuma san ma'anar wannan shirun, don na taɓa jin labarin matan da suka haifi ɗaya suka tafi da ɗaya. Na kama zanen Inna na tambaye ta ko mutuwa zan yi. Ba ta ce mini a'a don ta faranta mini ba. Ta ce rai na Allah ne, amma ita ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma ɗan yana motsi a ƙarƙashin hannunta, ta kama hannuna ta ɗora in ji da kaina. Na ji shi kuwa. Ta sa aka dama kunu mai ɗumi da zuma, ta ba ni a baki kaɗan-kaɗan. Ta ɗaga ni ta yi ta zagaya ɗaki da ni, ƙafata tana ja a ƙasa.

Da hakan bai yi ba sai ta ce Gwaggo ta kawo yaron a sa mini a nono. Gwaggo ta ce ina, ba a yi haka a wurinsu, ba a wanke nonon ba, kuma ɗan fari ne. Inna ta amsa mata da taushin murya cewa ta girma a cikin shanu, ta sha gani da idonta in ɗan maraƙi ya kama nono sai cikin saniya ya murɗa ya fitar da abin da ya rage. Ta ce in ya so bayan an ga lafiya a yi duk al'adar da za a yi. Gwaggo ta dube ni, ta ga yadda na koma, ita da kanta ta durƙusa ta manna mini yaron a ƙirji.

Ya kama kuwa kamar dama jira yake. Ba a daɗe ba na ji marata ta murɗa, ciwon ya dawo da ƙarfinsa har ya fi na farko. Ban taɓa murnar ciwo ba sai ran nan. Inna ta koma bayana, Gwaggo ta riƙe hannuna, ita da ke hana ni nishi yanzu ita ke cewa in yi, in ƙara. Ana kiran la'asar a masallacin ƙofar gida ta biyun ta faɗo. Mace ce, 'yar mitsitsiya, kuma ba ta yi kuka ba.

Inna ta ɗauke ta ta kifa a hannu, ta share mata baki da yatsa, ta tsotse mata hanci ta tofar, ta yi ta murza bayanta da tsumma tana yi mata magana da Fulatanci kamar mai lallashin baƙo ya shigo. Ina kallon ƙafafun nan biyu suna lilo, na daina numfashi ni ma. Can sai ta yi atishawa, ta ɗan yi ƙara kamar kyanwa, sannan ta buɗe baki ta saki kuka. Guɗar da aka yi a gidan nan, an ce har mutanen ayari sun ji a bakin rafi.

Washegari ruwa ya janye, maigidana ya dawo da mahaifiyata da kayan jego niƙi-niƙi. Shi duk a zatonsa ɗa ɗaya ne. A ƙofar gida ɗan Inna ya yi masa barka, ya ce masa ya shirya raguna biyu. An ce sai da aka maimaita masa, sannan ya nemi gindin bango ya zauna yana dariya shi kaɗai. Mahaifiyata ta so a wuce da ni gida, Inna ta ce mai ɗanyen jiki da jarirai biyu ba ta hawa jaki a cikin marka, ga ɗaki, itace kuma ga shi jibge. Haka aka yi na zauna jego a gidan da shekaranjiya ban san da shi ba.

Kullum da sassafe da yamma Inna ke yi mini wanka a bayan ɗaki. Ta tafasa ruwa da ganyen runhu, ta tsoma ganyen ta fyaffyaɗa mini a jiki, sannan ta gasa mini ciki ta ɗaure da zane. In mun dawo ga kunun kanwa yana jira, ga gasasshen nama da yaji. Ita ke gasa wa jarirai cibi, ita ke hana masu barka daɗewa in ta ga na gaji.

Duk da wannan gata, bayan 'yan kwanaki sai na tsinci kaina ina kuka ba dalili. Ga shi kuma macen ba ta kama nono sosai, kullum ƙara ƙanƙancewa take. In an kawo su shan nono a gaban mahaifiyata da Gwaggo, dole in kau da kai gefe kamar ban damu ba, don haka ake son mai ɗan fari ta yi. Ina jin yarinyar tana laluben nono tana saki, ba ni da ikon in duba in gyara mata. Da sun gama a ɗauke su. Raina yana wurinsu, idona yana kan bango.

Wata safiya a wurin wanka Inna ta ga hawayena. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce in gode wa Allah in yi shiru ba. Ta ce yawancin masu jego suna yin wannan kukan, ita ma ta yi. Ta bar ni na yi mai isata. Da rana ta yi sai ta aiki mahaifiyata da Gwaggo gidan maƙwabta, wai su je su zaɓo gero mai kyau na kunun suna. Suna fita ta saki asabari a ƙofa, ta kwance mini zane, ta kwantar mini da yaran biyu a ƙirji, fata da fata, ta lulluɓe mu.

“Kunya ta waje ce,” in ji ta. “A nan ɗakin ba kowa sai ke da su. Dube su da kyau, naki ne.”

Ranar na fara ganin 'ya'yana. Namijin yana da gashi har goshi. Macen kunnenta ɗaya a ɗan lanƙwashe, irin na mahaifina sak. Na ƙirga yatsunsu, na shinshina kansu, na yi musu surutun da ban san na iya ba. Inna ta nuna mini yadda zan tallafi kan yarinyar, in jira ta buɗe baki sosai kafin in sa mata. Muka yi ta gwadawa har ta kama, na ji tana haɗiya. Daga ranar, kullum da rana sai Inna ta ƙirƙiro wa manyan nan biyu aike. Na tabbata mahaifiyata ta gane, don wata rana da za ta fita ta waiwayo ta yi murmushi, ta ce aiken na yau mai nisa ne, kar a jira su da wuri.

Ranar suna kuwa ba a magana. Mutanen Gwaram suka zo, dangina na Unguwar Ya suka hayo rafi, Fulanin yankin suka taru da ƙorukan nono da man shanu. Gidan bai ɗauke mu ba, har gona aka shimfiɗa tabarmi. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka ci tuwo a akushi ɗaya. Gwaggo tana zagayawa da yarinyar a hannu, tana ba kowa labarin yadda aka yi, kuma a duk inda ta kai ƙarshe sai ta nuna Inna.

Sai da na yi arba'in, yarinya ta yi kumatu, sannan muka yi shirin tafiya. Inna ta raka mu har bakin ruwa. Ta goya mini macen da hannunta, mahaifiyata ta goya namijin. Na rungume ta ina godiya. Ta ce in tafi, in kuma wata rana na ga wata a irin halin da ta gan ni, kar in wuce.

Yaran nan biyu sun girma, sun hayayyafa, yau jikokinsu ne ke ɗebo mini ruwa. Ni kuma ban wuce ba. Matan da na zauna a bayansu suna naƙuda, a Gwaram da ƙauyukanta, ban san iyakarsu ba. Abin da na koya a ɗakin nan shi ne, mace a kan gwiwa da mace mai jego ba magani kaɗai suke nema ba. Suna neman wadda za ta zauna ba ta gaggawa, ta gaya musu gaskiya da taushi, ta lura da hawayen da suke ɓoyewa. Kuma ba sai 'yar'uwa ta jini ce za ta yi wannan ba. Duk wadda ta ga mace cikin wannan hali ta sauke kayanta ta durƙusa kusa da ita, ta zama uwa.